Filin Bayan Tashar Steenberg

Shekara goma sha ɗaya na yi a kan injin yankan ciyawa
na hukumar birnin Cape Town.
Duk tsiron da ya ɗaga kai ya wuce idon sawu,
ni ne ajalinsa.
Ciyawar da muke lallaɓawa baƙuwa ce,
daga wata ƙasa mai ruwa aka ɗauko ta,
kullum a ba ta, kullum ƙishi,
sai ka ce zuba ruwa a rariya.

Bayan tashar bas ta Steenberg akwai wani fili,
rabi yashi, rabi fasassun kwalabe.
Wata Talata na bi ta kansa,
na aske shi tas, na kashe inji,
na buɗe gorar shayi.
Sai ga Anti Gairoenisa da takalmin roba,
ita da ta tsufa a ɗakin wankin asibiti.
Ba ta zage ni ba. Da ma ta zaga.
Durƙusawa ta yi tana tsintar guntayen rassa
tana tarawa a haɓar riga.

"Wata bakwai, Fortuin," in ji ta.
Na ce na zaci ciyayin banza ne.
Ta ce, "Su ne masu gida.
Ni da kai da kwaltar nan, samunsu muka yi."

Ran Asabar na dawo, ba inji.
Ta cinna wa busassun ganye wuta a tsohon garwa,
ta kara faifan iri a bakin hayaƙin.
"Irin nan barcinsa nauyi gare shi,
sai ya ji ƙaurin gobara yake farkawa."
Wani irin kuma tururuwa ke binnewa,
su ci ɗan maiƙon da ke jikinsa
su bar sauran a rumbunsu,
ladan aikinsu ke nan, ba takarda, ba sa hannu.

Sai ga shekarar da madatsun ruwa suka janye,
muka yi layi da jarkoki tun asuba.
Korayen filayen masu kuɗi
suka koma kamar tsohuwar tabarma.
Namu filin bai yi kyau ba, kada in yi ƙarya:
toka-toka, ganye siriri kamar allura.
Amma ko kofi ɗaya bai roƙa ba.
Iskar kudu da ta saba watsa yashi
cikin kwanon abincin 'yan makaranta
ta zo ta tarar saiwa ta riƙe ƙasa gam.
Da ruwan hunturu ya sauko,
tafkin da ke hana mu shiga bas
ya nutse a wurin, shiru.

An sace mana furotiya uku a dare ɗaya.
Wani ya jibge katifa a kan buchu.
Hukuma ta aiko takarda, wai wurin ya yi duhuwa.
Na sassaƙa turaku na shafa musu farin fenti,
Anti ta amsa takardar da rubutunta mai karkata.

Lwando, ɗan mai gyaran taya, shi ya fara gani:
hawainiya, ba ta kai tsawon yatsata ba,
tana taku a kan kara kamar mai bin bashi.
Bayanta zuma, bayan zuma
wani ɗan tsuntsu mai dogon baki da ƙirji ja
yana leƙa kowace fure yana gaisuwa.

Yanzu gwiwa ta hana Anti durƙuso.
Daga kujerar roba take nuni da sanda,
ni nake cirewa, ni nake dasawa.
Jiya an turo sabon yaro a kan injina.
Na ji ƙararsa tun daga kwana,
na ajiye shayin,
na je na tsaya a gaban turakun.